Bobuwa ta hana shanuna kiwo a fadama, yanzu kuma sun fara ramewa

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum 'yan uwa makiyaya. Dan Allah shawara nake nema. Ina da shanu 34 a nan gefen Guri ta ƙasar Haɗeja, tun da ruwa ya fara ɗaukewa wajen ƙarshen Satumba bobuwa, ƙudan nan mai cizon dabbobi, ta sako mu gaba, wallahi ban taɓa ganin irin ta bana ba, da hantsi ya ɗaga sai kaga garken ya dunƙule wuri ɗaya kowace tana cusa kai cikin 'yan uwanta, babu mai cin ciyawa sai kaɗa wutsiya da buga ƙafa, ƙafafu da ƙasan ciki duk jini na tsattsafowa. Ga ciyawa shar a gabansu amma da yunwa suke dawowa. Abin da ya fi tayar min da hankali shine yanzu guda 7 sun fara ramewa, ido na hawaye, gashi ya tashi, ɗaya mai ciki ta yi ɓari shekaranjiya. Wani yace min ciwon sammore ne, to amma mu nan ai bamu da ƙudan tsando da ke kawo shi. Me ya kamata inyi?

Baban Walida:
Wa'alaikumus salam. Allah ya sawwaƙe, Allah ya mayar da alheri. Malam in dai sammore ne to tsando ne ya cije su, babu wata hanya, ƙila kai ne baka gane shi ba kake ce masa bobuwa. Ka samu allurar Berenil ka bi su gaba ɗaya ka huta.

Ɗan Fadama:
Haba Baban Walida, a fadamar nan aka haife ni, na san bobuwa. Mai ƙaton ido ce, idon ya kusa cinye kan gaba ɗaya, in ta cije ka kamar an soka maka allura mai zafi.

Ardon Rugar Yamma:
Yaro gaskiyarka. Tsando in ya sauka fikafikansa yake ɗora ɗaya kan ɗaya kamar an rufe almakashi, bakinsa kuma a miƙe yake gaba kamar tsinke, shi kurmi yake so da inuwar bakin rafi. Bobuwa kuwa fikafikanta a ɗan buɗe suke, ita rana take so da fili. Shekarata 60 da wani abu ina bin shanu, tun ina riƙe wa mahaifina sanda, ba mu taɓa barin garke ya kwana a fadama daga marka har zuwa shigowar sanyi ba, tudu muke hawa. Ku yanzu gonaki sun cinye tudun shi ya sa kuke zama cikin laka, ban ga laifinku ba, amma abin da kake gani ɗin nan shine dalilin da iyayenmu ke gudu.

Baban Walida:
Baba Ardo Allah ya ƙara girma, na yarda da bambancin kama, amma maganar cuta fa? Mu abin da muka sani tun a makaranta tsando ne ke kawo sammore.

Daktan Dabbobi:
Salam. Na karanta duka, bari in ɗan yi tsawo, a yi haƙuri. Abin da aka koyar a makaranta gaskiya ne amma bai cika ba. Tsando shi ne ƙwayar sammore ke girma ta hayayyafa a jikinsa, in ya ɗauka to har ya mutu yana rabawa. Bobuwa ƙwayar ba ta girma a jikinta, ɗaukar ta take yi a baki kamar yadda allurar da ba a wanke ba ke ɗaukar jini. Bakin bobuwa yanka fata yake yi kamar reza, jini ya taru sannan ta lashe, shi ya sa cizon ke da zafi kuma wurin ke ci gaba da zubar jini bayan ta tashi. To saboda zafin nan saniya ba ta barin ta ta ƙoshi, za ta kaɗe ta da wutsiya, ita kuma ba ta haƙura, nan take ta koma kan wadda ke kusa ta ƙarasa shan ta da jinin ta farko a bakinta. In ta farkon na da cuta shi ke nan.

An gwada wannan a Burkina Faso, a cibiyar binciken dabbobi ta CIRDES da ke Bobo Julaso, aka wallafa a 2003. An zuba karsana 8 masu lafiya da 2 masu ɗauke da ƙwayar sammore mai suna Tiripanosoma baibaks cikin shingen raga da ko ƙuda ɗaya ba zai shiga ba, kullum ana sako musu bobuwa irin wadda ake kira Atilotus agirestis har kwana 20, babu tsando ko ɗaya, 5 cikin 8 ɗin suka kamu. Sannan ku duba Kudancin Amurka, irin su Barazil da Kolombiya, babu tsando a nahiyar kwata-kwata amma baibaks na nan yana kashe musu shanu.

Shi kuma yankinku Ɗan Fadama, da can akwai tsando a kwarin Haɗeja da Katagum, har Turawa suka kafa tashar bincikensa a Gadau, daga baya aka yi ta feshi tun daga shekarun 1950, shi ya sa yanzu da wuya ka gan shi. Amma saniya ɗaya da ta yi rani a kudu ko aka sayo a kasuwa ta isa ta shigo da cutar, bobuwa ta raba wa sauran.

Ɗan Fadama:
Innalillahi. Dakta wallahi a watan Agusta na sayo bijimi ɗaya a kasuwa, dillalin yace daga wajen Taraba aka kawo shi, kuma shine ya fara ramewa.

Daktan Dabbobi:
To ka ga. Amma kar mu yanke hukunci daga waya. Dabbar da ke kiwo a fadama tana iya ramewa saboda ciwon hanta, ko cutar da kaska ke sawa, alamunsu na kama da juna. Ka ɗaga leɓe ka duba dasashi da cikin fatar ido ko sun yi fari, ka shafa gaban kafaɗa ko akwai kaluluwa, sannan ka sa a ɗebi jinin guda 7 ɗin a duba a madubin likita, har da kashinsu. Kafin nan, yau ɗin nan ka ware su daga garke, ba wai a ɗaure su a gefe ba, a nisanta su kamar mita 200, domin bobuwar da aka kora ta kusa take nema, kuma ƙwayar ba ta daɗewa da rai a bakinta.

Maman Hanif:
Sannunku da ƙoƙari. Ni a Kura nake ta Kano, shanun madara gare ni guda 9 'yan haɗi da na Turawa, mu fa namu matsalar ba ta da damina ba ta da rani saboda ruwan Tiga da ke bin kanal, har watan Janairu ina ganinsu jefi-jefi in rana ta yi zafi, amma dai Oktoba da Nuwamba sun fi muni. Saniyar da ke bani lita 11 sai ta dawo 7 ko 8 ba tare da wani ciwo ba, kawai dan bata samu nutsuwar ci ba. Kuma masu baƙi-baƙin nan su suka fi shan wahala, farar Bunajin maƙwabcinmu tana tsaye kusa da su amma kamar ba a ganta ba. Dakta wannan idona ne ko haka abin yake?

Daktan Dabbobi:
Hajiya haka yake. Bobuwa da ido take farauta, abu mai duhu mai sheƙi da ke motsi a rana shi ke jan ta, sai kuma numfashin dabba da warin fitsari. An gwada da dawakai a ƙasar Hangari, farare sun fi baƙaƙe da jajaye samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Ardon Rugar Yamma:
Wannan ko yaron kiwo ya sani. Jajayen Rahaji da baƙar saniya su ake fara gani da jini a ƙafa.

Sarkin Noman Gobe:
Ni inaga duk tsafta ce matsalar. In mutum yana kwashe kashi a turke kullum yana ƙona shara babu ƙudan da zai dame shi. Mutanenmu basa son gaskiya ne kawai.

Maman Hanif:
Malam ka zo ka ga turkena, siminti ne, safe da yamma ake wankewa, kuma duk da haka da an fito da su fili suke far musu. Kar ka ɗora wa mutane laifin da ba nasu ba.

Daktan Dabbobi:
Sarkin Noma ƙudaje biyu ka haɗa. Akwai wani ƙarami mai kama da ƙudan gida sak amma yana cizo, yawanci a ƙafa, shi ne ke hayayyafa cikin ruɓaɓɓen ƙaiƙayi da ragowar harawa da suka jiƙe da fitsari da kashi, wannan kam tsafta na maganinsa, kuma shi ma yana iya raba cuta. Bobuwa ba ruwanta da turkenka. Macen ce kaɗai ke shan jini saboda ƙwai, namijin ruwan fure yake sha. Tana zuba ƙwanta a dunƙule, daga 100 har zuwa 1,000, a jikin ganyen ciyawar da ta rufa kan ruwa ko laka, irin kachalla da ta cika fadamar su Ɗan Fadama. Cikin kamar mako guda su ƙyanƙyashe, tsutsar ta faɗa cikin taɓo, a nan za ta yi watanni tana cin ƙananan tsutsotsi da dodon koɗi, in ta ƙosa sai ta matsa inda ƙasa ta ɗan tsane ta rikiɗe, bayan mako 1 zuwa 3 ta fito da fiffike. Ita babbar 'yan makonni kawai take yi a duniya. To ka lura, lokacin da ruwan ambaliya ya fara ja da baya yana barin laka mai ɗumi ga kuma rana ta buɗe, shi ne lokacin da suke fitowa da yawa a tare.

Ɗan Kachiya:
Dakta a nan zan ɗan saɓa maka. Mu nan kudancin Kaduna ba a kaka muke shan wahala ba, daga Yuni zuwa Agusta ne, tsakiyar ruwa, in an shiga Oktoba ma sauƙi muke samu. Kuma tamu bata da ƙara, baka jin zuwanta sai dai kaji zafi a wuya ko bayan hannu, 'yar siririya ce toka-toka fiffikenta da ɗigo-ɗigo kamar zabuwa, ko da hadari ya rufe rana tana cizo.

Ardon Rugar Yamma:
Duk gaskiya kuka faɗa, ai bobuwa ba iri ɗaya ba ce. Na yi kiwo daga Gashuwa har Lafiya, na gansu kala-kala. Akwai wannan mai ɗigon zabuwa ta farkon damina da tsakiyarta, ta fi yawa in ka yi kudu inda itatuwa suke. Akwai babba ja-ja mai layi fari a gadon baya, ita kusan ko'ina akwai ta in dai da ruwa kusa. Akwai baƙa ƙatuwa da ta kai kan babban yatsa, ba ta da yawa amma in ta sauka a kan sa sai ya zabura. Sannan akwai ta kaka, fara-fara kamar ƙasa-ƙasa mai ido ruwan ɗorawa, wannan ita ce mai zuwa kamar an yi ɓarin gero, lokacin da ake yankan gero har a kai ga dawa. Ita nake zargi a wurin yaron nan.

Daktan Dabbobi:
Baba Allah ya ja kwana, kun gama bayanin, sunayen littafi kawai zan ɗora. Mai ɗigon zabuwa ita ce Hematopota. Mai layi a baya Tabanus taniyola, tana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a Afirka. Baƙar ƙatuwar Tabanus bigutatus. Ta kakar kuma ita ce Atilotus ɗin da na ambata a gwajin Burkina. Dangin nan a duniya sun haura iri 4,000, shi ya sa Ɗan Kachiya da Ɗan Fadama kowa da watan da yake kuka. Akwai ma wata mai baƙin ɗamara a fiffike, Kirisops, wadda a dazukan kudancin Najeriya da Kamaru take sa wa mutane tsutsar nan da ke ratsa farin ido.

Ɗan Kachiya:
To yanzu na gane. Kenan kowa sai ya san tasa da watanta.

Mai Raƙuma Tanut:
Salamu alaikum, daga jihar Damagaram nike. Ku masu shanu kun ji daɗi, mu masu raƙuma abin ya fi muni. Mu nan tsando ko a labari babu, amma shekarar da aka yi ruwa sosai tabkuna suka cika, in raƙuma sun je shan ruwa da rana ƙudan nan ya same su, bayan wata ɗaya ko biyu sai ka ga amale yana narkewa, tozo ya faɗa, taguwa ta zubar da ciki, tsofaffinmu da warin fitsari suke gane wanda ya kamu. Shi ya sa mu in damana ta yi kyau arewa muke ƙara yi, kuma ba mu shayarwa a tabki sai da asuba ko bayan magariba, rijiya ta fi mana ko da da wahalar ja. Tambayata Dokta, wancan maganin da aka faɗa a sama Berenil, ana yi ma raƙumi?

Daktan Dabbobi:
A'a Malam, dan girman Allah kar ka yi. Sinadarin da ke cikinsa, diminazin, raƙumi ba ya jure shi, yana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa ya kashe shi, haka ma kare. Cutar raƙuman naku 'yar uwar sammore ce, Tiripanosoma ebansi, wani likitan dabbobi Baturen Birtaniya Griffith Evans ne ya fara ganin ta a jinin dawakai da raƙuma a yankin Panjab a 1880, kuma ita ƙudaje masu cizo ne hanyarta, ba ta buƙatar tsando sam. Tana da nata maganin kamar Cymelarsan, ka nemi ma'aikacin dabbobi na wurinku ya auna maka. Masu dawakai su ma su kula, tana kama doki da tsanani.

Ɗan Mai Wurno:
Gaisuwa daga Sudan, mu Hausawan bakin Shuɗin Nilu ne wajen Sinnar. Abin da Mai Raƙuma ya faɗa haka yake a nan, Larabawa suna ce ma ƙudan surret, ciwon raƙumin kuma gufar. Da ruwa ya sauka masu raƙuma ke barin baƙar ƙasar kudu su nufi Butana, Baggara masu shanu su ma arewa suke yi, in ka tambaye su sai su ce laka da ƙuda suke gudu. Na yi mamaki da naga maganar Baba Ardo iri ɗaya ce da ta tsofaffin nan.

Baban Walida:
To naji na kuma karɓa, Allah ya saka. Amma ni har yanzu inaga a bi garken duka da allura shine mafita, mutum bashi da tudun da zai je, me zai yi? Mu haka muke yi duk wata biyu.

Daktan Dabbobi:
Wannan ɗabi'ar ce ke damuna Baban Walida. Na farko allurar na kashe ƙwayar da ke jini ne a lokacin, ba ta hana ƙuda cizo gobe. Na biyu yawanci ba a auna nauyin dabba, ana jiƙa ƙulli ɗaya a raba wa shanu da yawa, ƙwayar ta sha kaɗan ba ta mutu ba ta saba, shi ya sa yanzu ake samun wuraren da maganin ba ya ci, ga jabu ya cika kasuwa. Na uku, kuma wannan ya fi ba ni takaici, allura ɗaya ake bin shanu 30 da ita ba a canjawa ba a tafasawa, wato aikin da bobuwa ke yi da bakinta kai ka yi shi da hannunka. In gwaji ya nuna sammore a yi wa waɗanda suka kamu cikakken awo, in likita ya ga garken na cikin haɗari akwai Samorin da ke ba da kariya na wasu makonni har watanni, shi zai yanke. Masu tatsa kuma a karanta takardar maganin, kar a kai nono kasuwa sai kwanakin da aka rubuta sun cika.

Matashin Makiyayi:
Ni maganin feshin wake nake ɗan tsarmawa da ruwa in shafa musu, ko fiya-fiya, kuma yana korarsu.

Maman Hanif:
Subhanallahi, ƙanena ka daina. Da idona naga maraƙi ya mutu a unguwarmu saboda haka, uwar aka shafa wa ya sha nono ya lashi jikinta, kafin la'asar yana ta dalala yana karkarwa. Kuma nonon nan yara ne ke sha.

Daktan Dabbobi:
Ka ji maganar Hajiya. Akwai na dabbobi da aka yi domin haka, masu deltametirin ko saifametirin, na zubawa a gadon baya da na feshi. Sai dai in gaya muku gaskiya a kan bobuwa aikinsu rabi ne, domin a ƙafa da ƙasan ciki ta fi cizo inda na gadon baya ba ya isa sosai, 'yan mintuna take yi ta tashi, saniya kuma ta shiga ruwa ta wanke. In za ka yi, na feshin ka bi ƙafafu da ciki da shi, kuma kar ka wanke bokitin a rafi, yana kashe kifi.

Sarkin Noman Gobe:
To me zai hana gwamnati ta feshe fadamar gaba ɗaya kamar yadda akace anyi wa tsando?

Ɗan Fadama:
Malam fadamar nan daga Haɗeja har Nguru ce fa, masunta nawa ke ci a ciki, ga masu shinkafa ga tsuntsaye, tsutsar kuma tana cikin laka, in ka zuba guba kifin ne zai fara mutuwa mu kuma ruwan muke sha.

Ardon Rugar Yamma:
Ku saurara in gaya muku abin da muke yi tun babu kanti. Bobuwa ba ta tashi da sanyin safiya, sai rana ta gasa mata baya. To kai ka riga ta. Ka saki shanu tun kiran assalatu su ci raɓa, kafin hantsi ya yi zafi cikinsu ya ɗauka, ka janye su daga bakin ruwa ka kai su inda iska ke kaɗawa, ba ta son iska. Daga azahar zuwa la'asar nan ne ƙarfinta, kar ka kai su mashaya a lokacin ko suna kuka. Ka tara busasshen kashin shanu ka kunna ka ɗora ɗanyen ganyen dogon yaro a kai ya yi ta turnuƙe, za ka ga da kansu suna zuwa su tsaya cikin hayaƙin. In rana ta yi sanyi ka sake su su ci har dare. A bakin tafkin Chadi na ga mutanen da ke shigar da shanu cikin bukka mai duhu da rana gaba ɗaya, sai dare su yi kiwo, saboda ba ta bin dabba cikin duhu. Wahala ce ga mai kiwo, barci zai ragu, amma wata biyu ne.

Ɗan Fadama:
Baba na gode, Allah ya bar mana ku. Kiwon dare ne dai nake tsoro saboda gonakin shinkafar mutane ba a yanke ba, kar a samu ɓarna a shiga rigima, ga kuma yanayin tsaro. Amma na asuba zan fara gobe in sha Allah.

Ɗalibar Vom:
Assalamu alaikum iyayena, ɗaliba ce ni a fannin lafiyar dabbobi, in an bani dama in ƙara da maganar tarko. Akwai wanda ake kira Nzi, sunan ƙuda ne da Swahili, a Kenya aka ƙirƙiro shi a cibiyar binciken ƙwari ta ICIPE, kuma yana kama bobuwa sosai har da tsando da ƙaramin mai cizon da Dakta ya faɗa. Yadi ne shuɗi mai haske da baƙi da kuma farin gidan sauro, faɗinsa kamar mita 1, shuɗin na gaba kamar an buɗe hannu biyu yana kiranta daga nesa, baƙin na ciki yana sa ta shiga, in ta ga ba saniya bace sai ta tashi sama wajen haske, ragar ta tattara ta zuwa cikin gorar roba a ƙoli, zafin rana ya kashe ta. Tela na iya ɗinkawa in ya ga hoto. A kafa shi a fili inda rana ke duka tsakanin fadama da inda shanu ke hutawa, a share ciyawar gabansa, a ajiye gwangwanin fitsarin shanu da ya kwana biyu a gindinsa. Ba zai ƙarar da su ba amma yana ragewa, kuma babban amfaninsa in kana ƙirga abin da ya kama kullum kana rubutawa, baɗi ka san makon da za su fara tun kafin su fara.

Matashin Makiyayi:
Ni kuma naga wani bidiyo wai a Japan fenti suke yiwa shanu kamar jakin dawa, gaskiya ne ko ƙaryar intanet ce?

Ɗalibar Vom:
Gaskiya ne yayana, a 2019 aka wallafa, baƙaƙen shanu aka yi wa fararen layuka sai ƙudajen da ke sauka a kansu suka ragu da kusan rabi. A Ingila ma an lulluɓe dawakai da mayafi mai zanen jakin dawa aka ga bobuwa na zuwa amma ta kasa sauka daidai. Sai dai shanu kaɗan aka gwada kuma fentin na gogewa cikin 'yan kwanaki. Kar dai a shafa musu fentin mai ko na mota.

Maman Hanif:
Ni mai guda 9 zan iya gwadawa da farar ƙasa a kan baƙaƙen nan biyu, ba abin da zai ci min. Ɗiyata ki turo min hoton tarkon ta akwati in kai wa telanmu.

Ɗalibar Vom:
To Mama, na tura.

Ɗan Fadama:
Salam jama'a, na dawo da bayani bayan kwana 12. An ɗebi jinin guda 7 ɗin, 4 an ga ƙwayar sammore har da bijimin da na sayo, 2 kuma ƙwan tsutsar hanta aka gani a kashinsu, ɗayar ba a ga komai ba amma likitan yace a sake dubawa dan wani lokacin ƙwayar na ɓuya. An yi musu allura kowacce da awonta da sabuwar allura. Wadda ta yi ɓari dai bata tashi ba, ranar Talata muka yanka ta, jininta kamar ruwa, Allah ya sa haka shine mafi alheri. Sauran sun fara cin dusa. Garken kuwa, na samu wani ɗan uwa ya bani gonar geronsa da aka girbe a kan tudu, tafiyar kusan awa ɗaya daga ruwa, da asuba muke gangarawa mu dawo kafin 10, nonon safe har ya fara dawowa. Tarko biyu tela ya ɗinka min, ranar farko da na ƙirga na gaji a 200 da wani abu na bari, yawancinsu masu idon ruwan ɗorawan nan ne da Baba ya faɗa, jiya kuma 60 ne kawai a duka biyun. Baba Ardo yaushe kuke ganin zan iya mayar da su fadama su kwana, dan karan gonar ya kusa ƙarewa?

Ardon Rugar Yamma:
Allah ya mayar maka da gurbinta. Kar ka yi gaggawa saboda 60 ɗin jiya, ƙila iska aka yi. Ka bari hunturu ya kankama, ka ga ƙura ta rufe rana kwana uku a jere, lakar bakin ruwa ta tsattsage har tana ɗaukar sawun saniya ba ta nutsewa. Ko a lokacin ma masu jinyar nan su zauna a tudu tukuna.

Daktan Dabbobi:
Na goyi bayan Baba. Ka ci gaba da rubuta ƙirgan tarkon da kwanan wata, kuma a sake duba jinin guda 4 ɗin nan, a fara da bijimin, bayan mako 3, in ƙwayar ta dawo a gaya wa likitan wane magani aka yi da farko domin ya canja wani.

Ɗan Fadama:
To Dakta, na rubuta. Zan nemi harawar wake in ƙara musu su kai ƙarshen wata a tudun.